Allon Talla a Bakin Titin Gadarif: Ƙirga Ido Kafin Ka Ƙirga Kuɗi

Maganarmu ta wannan mako a kan titi take, da kuma allunan talla da ake kafawa a bakinsa.

Duk wanda ya san Gadarif ya san gari ne na mararraba. Babbar hanyar da ta taso daga Khartum ta bi ta Wad Madani, nan take ratsawa ta nufi Kassala har Port Sudan. Daga Khartum zuwa nan kimanin kilomita 410 ne. Ga kuma titin da ya yi kudu maso gabas zuwa Gallabat, bakin iyakar Habasha, inda ake tsallakawa Metema. Tun shekarun 1940, da aka soma noma da tarakta a Gadambaliya, dawa da riɗi suke jawo manyan motoci zuwa wannan gari.

Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, gwamnati ta koma Port Sudan, sai harka ta karkato gabas. Bayan faɗuwar Wad Madani a Disamban wannan shekarar, jama'a suka kwararo Gadarif, ƙungiyoyin agaji suka biyo su. To, inda ƙafa ta yawaita, ido ya yawaita, mai allo kuwa ido yake sayarwa. Shi ya sa zai ce maka motoci sun ƙaru, don haka kuɗin haya ya ƙaru. Gaskiyarsa. Amma kai da za ka biya, akwai abin da ya kamata ka auna.

Na farko, gudu. Motar da ke tafiya kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a daƙiƙa ɗaya. In daga mita 100 ake iya karanta allonka, direba bai da ko daƙiƙa biyar cikakku. Ka ga ke nan dogon bayani asara ne. Suna, hoto ɗaya, lambar waya da manyan baƙaƙe, shi ke nan. Allo ƙarami kusa da tashar mota, ko gidan mai, ko shingen bincike inda kowa ke taka birki, ya fi ƙaton allo a dajin da ake sheƙa gudu.

Na biyu, su wa ke wucewa? Direban tirela da ya ɗauko kaya daga bakin teku, taya da man inji da wurin cin abinci suka dame shi. Manomin da ya kawo riɗi kasuwar amfanin gona, shi iri da buhu da kayan gyaran tarakta yake nema. Kamfanoni irin su Zain da MTN da Sudani kowa nasu ne, ko'ina suka kafa daidai ne. Kai mai shago ɗaya, ba kowa ne naka ba. Haka batun harshe: Larabci shi ne na kowa, Hausawan nan ma da baƙaƙen Larabci aka fi saninsu, amma a titin Gallabat, inda 'yan ƙwadagon Habasha ke shigowa aikin gona, layi ɗaya na Amharik ba zai zama ɓarna ba.

Na uku, lokaci. Da damina laka ce ke mulki, baƙar ƙasar nan tana riƙe mota a hanyoyin ƙauye. Kuɗi na shiga hannu ne da kaka: riɗi wajen Oktoba, dawa ta biyo baya. Wanda ya kama allo wata uku na kaka, sau da yawa ya fi wanda ya biya shekara.

Na huɗu, kuma nan ne babbar magana: cunkoson da yaƙi ya kawo ba gado ba ne. Sojoji sun karɓe Wad Madani a Janairun 2025, Khartum a Maris, mutane sun fara komawa gida. Sannan akwai hanyar Atbara da Haiya, wadda ta fi kusa tsakanin Khartum da Port Sudan. Motocin amfanin gona da na Habasha suna nan, sauran kuwa suna iya sauya hanya. Saboda haka kada ka sa hannu a yarjejeniyar shekara uku a kan farashin ranar cunkoso.

Me za ka yi? Ka sami yaro mai hankali, ka ba shi littafi da biro, ya zauna gindin allon: awa ɗaya da safe, ɗaya da azahar, ɗaya da yamma, kwana bakwai. Ya ware tirela, bas, ƙananan motoci da raksha. Ka tambayi takardar izinin hukuma, ka ji wa zai gyara in iska ta kayar da allon ko rana ta cinye fenti. Duk wanda ya shigo shagonka kuma ka tambaye shi, ina ka ji labarinmu? Bayan wata guda lissafi zai faɗa maka gaskiya.

Su kuma masu kafawa, don Allah a nisanci kwana da mahaɗa. Allon da ya tare wa direba gani, rai yake ci.

Allah ya tsare matafiya, ya zaunar da Sudan lafiya. Sai mako mai zuwa.