Jawabin Shugaban Kwamiti a Wajen Ƙaddamar da Na'urorin Tsaron Jiragen Ruwa a Kwatar Yauri

  

Mai girma wakilin Gwamna, babban baƙonmu na yau; Mai Martaba Sarki, uban taro, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nisan kwana; masu girma 'yan majalisa na tarayya da na jiha; shugabannin ƙananan hukumomin da ke bakin ruwa; hakimai da dagatai da masu unguwanni; limamanmu da malamanmu; jami'an hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa; jami'an agajin gaggawa; 'yan sandan ruwa da sauran jami'an tsaro; Sarkin Ruwa da Sarkin Jirgi da dukan Sarkawa; 'yan'uwanmu na gungu da suka tsallako tun da sassafe; shugabannin matuƙa da 'yan kamasho; iyayenmu mata; 'yan jarida; jama'a maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Na gode wa Allah da ya nuna mana wannan rana. Na kuma gode wa Mai Martaba, wanda tun ranar da muka kai masa wannan magana bai bar mu mun huta ba. Duk lokacin da muka je gaisuwa, kafin mu gama zama ya tambaya ina aka kwana a kan kayan jirage. Ranka ya daɗe, yau ga su a gabanka.

Kwamitin nan, cikin ikon Allah, ya taɓuka abin da ya samu. Mun zagaya kwatoci daga nan har ƙasar Ngaski da Shanga, mun zauna da matuƙa a ƙarƙashin rumfunansu. Mun buɗe rajistar jirage, kowane da sunan mai shi da adadin mutanen da zai iya ɗauka. Mun raba rigunan kariya. Mun horar da samari ceto a ruwa. Mun roƙi limamai sun sa maganar lodi a huɗubar Juma'a, kuma sun yi, Allah ya saka musu da alheri. Mun sasanta rigimar layi tsakanin masu manyan jirage da masu kwalekwale, wadda ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya. Yau kuma muna miƙa na'urar nuna hanya, da na'urar auna zurfi, da rediyon oba-oba, da fitilun jirgi, tare da batir da farantin sola na caji.

Babu wanda ke zaune a nan da zan ba labarin abin da ya kawo mu. A watan Mayu na 2021 jirgi ya dare a ruwan Warrah ɗauke da mutum fiye da 150, waɗanda aka tsamo da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. A ƙarshen Nuwamban wannan shekarar, a Bagwai ta jihar Kano, rayuka 29 suka salwanta, akasarinsu yara 'yan Islamiyya masu tafiya Maulidi. A Yunin 2023, a ƙasar Patigi, 'yan biki fiye da ɗari suka tafi cikin dare ɗaya. Sai Gbajibo ta ƙasar Mokwa a daren 1 ga Oktoban 2024. Allah ya jiƙansu, ya sa sun yi shahada, ya ba iyalansu haƙuri. Ina roƙon mu karanta musu Fatiha kafin mu ci gaba.

Amin. Allah ya karɓa.

Jama'a, ruwan nan da ke bayana ba shi ne ruwan da kakanninmu suka sani ba. Tun da aka tare shi a Kainji a 1968 ya hau ƙasa, ya cinye tsohuwar Bussa da garuruwa da gonaki da daji, aka tashi mutane fiye da dubu arba'in. Itatuwan dajin nan ba duka aka sare ba, da yawa suna nan tsaye a ƙasan ruwa har gobe. In ruwa ya cika su ɓuya, in ya ja baya su kunno kai, wasu kuma su tsaya ƙasa da fuskar ruwa da kamu ɗaya, ido ba ya ganinsu sai katako ya ji. Ga yashi da ke sauya wuri kowace shekara. Ga farin ruwa na damina, ga baƙin ruwa da ke iso mana da sanyi bayan ya yi doguwar tafiya daga tsaunukan Gini ya ratso Mali da Nijar. Ga hazo, wanda in ya sauka matuƙi ba ya ganin bakin jirginsa, balle tsallake.

Tsofaffin matuƙanmu sun haddace wannan ruwa a ka. Sun san inda kututture yake, sun san inda igiya ke juyawa. Amma tsofaffin nan tafiya suke yi, yaran da ke riƙe inji yanzu kuwa wani bai cika shekara ashirin ba. Abin da ya sa na fi son na'urar nuna hanya ke nan, wadda ake kira GPS. Tana karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam da ke sama da mu da nisan kilomita dubu ashirin, kuma da zarar ta kama huɗu daga cikinsu za ta faɗa maka inda kake, kuskurenta bai wuce 'yan mitoci ba. Ba ta cin kati, ba ruwanta da sabis ɗin waya. Mun ɗauki dattawan matuƙa a jirgi, duk inda ɗayansu ya nuna da gora ya ce nan akwai kututture, sai a danna a ajiye alama. Yanzu yaro zai duba ya ga layin hanyarsa, ya ga ɗigon haɗari a gefensa, ko da hazo ya rufe. Aikin bai ƙare ba, ina roƙon Sarkin Ruwa ya ƙara ba mu dattawa idan ruwa ya ja baya, lokacin da kututturan ke fitowa fili.

Na'urar auna zurfi kuma sauti take harbawa ƙasa ta jira ya dawo. Sauti a ruwa yana gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya, daga lokacin da ya ɗauka ta lissafa zurfin. Za ka ga lamba a fuskarta, takwas, bakwai, sai ka ga ta faɗo uku, ta faɗo biyu. Wannan faɗowar ita ce maganarta, sai ka sassauta inji. Amma ku ji ni da kyau, ƙasan jirgi take kallo, ba ta kallon gaba. Kututturen da ke gabanka ba za ta gaya maka shi ba, don haka yaron da ke zama a goshin jirgi yana duba ruwa yana nan a kan aikinsa, kada wanda ya sallame shi. Fitilu kuwa ba ado ba ne: ja a hagu, kore a dama, fara a baya, haka dokar ruwa take a duk duniya, don wanda ya hango ka ya san inda ka dosa.

Ku samarin da ke can baya kusa da injin, ku yi shiru. Ku ake yi wa maganar nan, ba waɗanda ke kan kujeru ba. Gobe ku ne za ku ɗauki matan mutane da 'ya'yansu.

Mai girma wakilin Gwamna, yanzu zan ajiye takardar nan, domin abin da ke cina a rai ba a rubuta shi a ciki ba. Maganar rediyo ce.

Oba-oban nan da muke rabawa, matuƙi zai danna ya yi magana ya saki ya saurara. Akwai tasha ta 16, wadda duniya ta keɓe don kiran neman agaji a ruwa. Ta hannun nan ba ta da nisa, 'yan kilomitoci ne, sai in akwai doguwar eriya a tudu da za ta ɗauko muryar. Mun kafa eriyar, ga ta can kuna gani. To, jirgi ya bugi kututture, ruwa yana shiga, matuƙi ya danna ya yi kira. Wa zai amsa? Wannan ita ce tambayata, kuma ba zan sauka daga nan ba sai na yi ta a gaban Mai Martaba da gaban jama'a.

A watan Afrilun 1912 katafaren jirgin nan Titanic ya nutse a tekun Atlantika, mutum fiye da 1,500 suka mutu. Jirgin yana da na'urar aika saƙo, kuma ya aika. Akwai wani jirgi kusa da shi mai suna Californian, amma ma'aikacin na'urarsa mutum ɗaya ne tak, ya kashe ta ya je ya kwanta. Wanda ya ji kiran, Carpathia, yana nesa, kafin ya iso jirgi ya riga ya tafi ƙasa, sai mutum ɗari bakwai da 'yan kai ya kwasa daga ƙananan jiragen ceto. Bayan wannan ne ƙasashe suka zauna a Landan suka sa hannu a yarjejeniyar kare rayuka a teku a 1914, kuma cikin abin da suka sa har da sauraron rediyo dare da rana. Fiye da shekara ɗari ke nan da aka biya kuɗin wannan darasi da rayukan mutane. Bai kamata mu sake biya da namu ba.

Ɗakin sauraro yana buƙatar mutane, masu karɓa-karɓa, ba mutum ɗaya da za a ce ya kwana ya wuni ba. Mutanen nan suna buƙatar albashi a ƙarshen wata, don mai iyali ba zai zauna gadin rediyo da yunwa ba, zai tafi neman abin da yara za su ci, ranar da ya tafi kuma ita ce ranar da za a kira. Batir yana mutuwa, sai an sauya. Farantin sola yana son mai share masa ƙura, musamman da hunturu. Jirgin ceto yana son mai a cikin tankinsa kafin a kira, ba sai an kira a fara karo-karo a kwata ba. Na taɓa tsayawa a wata kwata, ba zan faɗi sunanta ba, na ga jirgin ceto sabo fil, fenti bai ko dushe ba, an ɗaure shi ciyawa ta fito a gindinsa. Na tambaya, aka ce tun ranar da aka yanke ƙyalle ba a sake zuba masa mai ba. A wannan ruwan an yi hatsari, masunta ne suka yi ceto da kwalekwale da filafili, jirgin yana ɗaure. Har yau in na tuna raina yana ɓaci.

Wani zai ce ai an hana tafiyar dare, me za a saurara da dare? Masunta suna kan ruwa da dare. Inji yana mutuwa da la'asar jirgi ya kai isha yana yawo. Mace tana naƙuda a gungu, dole a tsallako da ita asibiti ko ƙarfe nawa ne. Waɗannan su ne za su kira.

Saboda haka roƙona ɗaya ne, ranka ya daɗe, ka isar mana da shi ga mai girma Gwamna kamar yadda na faɗe shi. Kuɗin sayen kaya an bayar, mun gode, Allah ya saka. Kuɗin riƙe kayan muke nema, a sa shi cikin kasafi da sunansa, a riƙa sakinsa wata-wata: albashin masu sauraro, man jirgin ceto, batir, da mai gyara. In aka auna shi da abin da ake kashewa wajen kai ta'aziyya da kayan jaje bayan hatsari ɗaya, ba komai ba ne. Shugabannin ƙananan hukumomi, ku ma ban cire ku ba. Kasuwannin bakin ruwa suna kawo muku haraji kowane mako, jirgi ne ke kawo masu biyan harajin. 'Yan majalisarmu kuma, ga ku ga wakilin Gwamna, na faɗa a gabanku don kada a ce ba a ji ba.

Ku kuma matuƙa, kada ku ga na juya ga manya ku ce kun tsira. Na'ura ba ta rage lodi. Jirgin mutum hamsin in ka zuba masa ɗari, ka ɗora babura da buhunan shinkafa da yashi, duk taurarin sama ba za su riƙe maka katako ba. Dokar hana tafiya daga shida na yamma zuwa shida na safe tana nan daram, fitilar da muka ba ka ba lasisin lodin dare ba ce. Kowace na'ura da lambarta a rajista da sunan wanda ya karɓa. Wanda muka ga tasa a kasuwa, ko ya cire batir ya kai gida yana kallon ƙwallo, za mu karɓe, kuma 'yan kamasho ba za su ba shi layi ba. Mun yi wannan magana da shugabanninku, sun amince. Tasha ta 16 kuma ba wurin gaisuwa da tambayar farashin kifi ba ce, ku bar ta a buɗe don mai neman ceto.

Iyayenmu mata, ku ne kuka fi yawa a jiragen kasuwa da na biki, ku ne kuma kuka fi yawa a cikin waɗanda muke binnewa. In an miƙo rigar kariya ku sa, ku ɗaure ta, ku sa wa yaro tasa. Na san ana cewa tana da zafi, wasu kuma suna cewa kwana in ya ƙare ya ƙare. Gaskiya ne, amma malamanmu ga su nan zaune, sun karantar da mu cewa riƙo da sababi yana cikin tawakkali. In kun ga jirgi ya cika ana ƙara mutane, ku sauka, kuɗin jirginku ba a bakin ranku yake ba, kuma wanda ya hana ku sauka ku kawo mana sunansa.

Ina gode wa injiniyoyin da suka kafa eriya cikin rana, da malaman da suka koyar da matuƙa, da 'yan kwamiti da ma'aikatan ofis da suka shirya wannan taro. Horon rukuni na biyu zai fara bayan sallar Azahar a rumfar kamasho, kowa ya zo da katinsa na rajista.

Yanzu, da izinin Mai Martaba, ina gayyatar mai girma wakilin Gwamna ya taso ya danna rediyo ya yi kiran farko zuwa jirgin da ke jiranmu a tsakiyar ruwa, sannan Sarkin Jirgi ya matso ya karɓi kayan a madadin matuƙa. Allah ya tsare mu a ruwa da tudu, ya mai da kowa gidansa lafiya.