Kunyar Ɗan Fari da Gidajen Birnin Zariya

 Sa'ad da aka aiko mini in zo in yi jawabi a kan renon yara ƙanana, nauyi ya kama ni ƙwarai, domin kuwa wanda aka haifa a cikin ganuwar nan, ya sha ruwan rijiyoyinta, ya kuma sha bulalar malamanta, in ya miƙe gaban waɗanda suka goya shi zai koya musu goyo, to, lalle ya shiga hurumin da ba nasa ba. Saboda haka mas'ala guda kaɗai na zo da ita, wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, ita ce kunyar ɗan fari, da abin da ya same ta tun da muka fara fita daga gidajen da aka haife ta a cikinsu.

Ni ɗan fari ne. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, har ta koma ga Mahaliccinta ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana so ta aike ni sai ta dubi bango ta ce, "A ce wa yaron nan ya zo," alhali kuwa ina tsaye kusa da ita, in kuma baƙuwa ta tambaye ta lafiyata sai ta sunkuyar da kai ta shiga wata magana. Mahaifina bai taɓa ɗaukata a gaban mutane ba. Ranar da aka yaye ni aka kai ni Kwarbai wurin goggona, yayar mahaifina, wadda Allah bai nufe ta da haihuwa ba. Ita ta goya ni, ita ta kwana a kaina sa'ad da ƙyanda ta kwantar da ni, ita ta riƙa ba ni kuɗin Laraba in kai wa malam, har na kusa shekara bakwai ban san cewa ba ita ta haife ni ba. Wanda ya ji wannan labari daga nesa zai ce an zalunci yaro. Ni kuwa da abin ya faru a kaina, ina shaida muku ban taɓa kwana da maraici ba ko dare ɗaya, kuma na yi shekaru ina neman dalili kafin in gane cewa dalilin yana cikin ginin gidan kansa.

Ku tuna da gidan Bazazzagi na dā, irin wanda har yanzu ake samun ragowarsa a Kwarbai da Limancin Kona da Juma da Kaura. Mutum zai shiga zaure ya tarar da maigida da almajiransa, ko da abokan sana'arsa sun baje riguna suna ɗinkin hannu, ya wuce farfajiya inda ɗakunan samari suke, ya ratsa shigifa, sannan ya faɗa cikin gida, inda kowane ɗa na maigida yake da sashensa da iyalinsa, ga ɗakin tsohuwa, ga murhu, ga turmi, ga rijiya. Yaron da ya fara rarrafe a irin wannan gida, kafin ya kai bakin rijiya hannu biyar sun riga sun kama shi, in ya yi kuka kuwa ba a tsayawa tambayar ɗan wane ne, wadda ta fi kusa ita ke saɓa shi a baya. Uwa tana iya kau da kai daga ɗanta na fari ne saboda ta tabbata akwai idanu goma a kansa, kuma kau da kan nan ladabi ne ga surukai, kamar tana ce musu, ɗan nan naku ne, ban fi ku iko da shi ba.

Kuma magabata da suka kafa kunya sai da suka yi mata kishiya, wato wasa. Dattijon da ɗansa na cikinsa ba ya iya haɗa ido da shi, shi ne jika zai haye cinyarsa ya ja masa gemu. Kaka ta kira jikanta maigida, ta yi masa gorin bai kawo cefane ba, da dare kuma ta tara su a tabarma ta sako Gizo da Ƙoƙi. Taubasai su yi ta tsokanar juna har furfura. Gidan kawu ya zama mafakar wanda ya yi laifi yana tsoron dukan uba. Duk ƙofar da kunya ta rufe wa yaro, wasa ya buɗe masa wata a kusa da ita.

Kada a ce wannan begen jiya ne kurum irin na tsofaffi. A ƙarshen 1949 da farkon 1950, wata Baturiya, Mary Smith, matar M. G. Smith wanda ya yi rubutu a kan sarautar Zazzau, ta zauna da wata tsohuwa mazauniyar Giwa mai suna Baba, ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta, aka buga shi littafi a Ingila a 1954. Baba ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta yi reno, ta yi tarbiyya, an kira ta uwa, domin 'yan'uwa sun ba ta riƙo kamar yadda aka ba goggona ni.

Kada kuma wani ya fita daga nan ya ce na ce duk abin da muka gada alheri ne. A shekarun 1970, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Farfesa Eldryd Parry, sun lura cewa ciwon zuciya da kumburin jiki bayan haihuwa ya yawaita ga matan Zariya da kewayenta, suka danganta shi da ruwan wankan jego mai tsananin zafi safe da yamma har kwana arba'in, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta ƙarƙashinsa, da kunun kanwa wanda gishirinsa ke tara ruwa a jiki. Tsofaffin da suka yi wa masu jego wannan hidima don ƙauna suka yi ta, amma ƙauna ba ta hana kanwa aikinta. Akwai kuma wanda ya fi wannan ciwo, domin shi saɓa wa karatun da muke yi kullum a zaurukanmu ne. Duk almajirin da ya sauke Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya san cewa a mazhabar Imamu Malik, idan aure ya mutu, hadana haƙƙin uwa ce, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, in uwa ta rasu ko ta yi wani aure sai abin ya koma ga kaka ta wajen uwa, sannan inna, nafaƙa kuwa tana kan uba ala kulli halin. Amma mu, da zarar an yaye yaro sai uba ya aika a karɓo shi a danƙa wa kishiyar uwa, don kada a ce ɗansa yana cin tuwon wani gida, har da wanda ya karantar da babin da safe. Wannan girman kai ne muka yi masa rawani muka kira shi al'ada.

To, yanzu ga inda muka kwana. Gidajen nan da na siffanta muku galibinsu gado ya raba su, an tsaga sassa da bulo, kowa ya fasa ƙofarsa zuwa lungu, zaure ya koma shago. Samarinmu kuwa aiki da ƙuncin wuri sun fitar da su ta Ƙofar Doka zuwa Tudun Wada da Gyallesu da Sabon Gari da Samaru, wasu har Kaduna da Abuja, kowa ya kama ciki da falo, daga shi sai amaryarsa. Ban ga laifinsu ba, zamani ne. Abin da na gani shi ne, ranar da suka kwashe kaya sun tafi da kunya, amma kaka ba ta shiga motar ba, goggo ma haka, balle taubashi.

Kwanan baya na ziyarci wani tsohon ɗalibina, malamin makaranta mai natsuwa, na tarar matarsa tana madafa, ɗansu na fari mai shekara biyu yana birgima a ƙasa yana kuka har muryarsa ta dushe, shi kuwa yana zaune ya kafe ido a bango saboda ina wurin. Da kukan ya ishe shi sai ya zaro waya ya kunna wani abu mai motsi ya miƙa wa yaron ba tare da ya dube shi ba. Na ce masa, "Malam, ɗauke shi mana." Ya ce, "Allah ya gafarta malam, ai na fari ne." Wallahi na ji tausayinsa fiye da yadda na ji na yaron, domin ladabi yake yi mini iyakar saninsa, ladabin da ya gani wurin ubansa, bai lura ba cewa uban nasa yana kau da kai ne a gidan da akwai mai ɗauka.

Malamai suna nan, in na yi kuskure su gyara mini. Kunya dai reshe ce ta imani, babu mai jayayya a kan haka, amma kunyar ɗan fari al'adarmu ce, shari'a ba ta ɗora mana ita ba. An ruwaito cewa Manzon Allah ya yi salla yana ɗauke da jikanyarsa Umama, ya kuma sumbaci jikansa Hasan a gaban jama'a, da wani baƙo ya yi alfaharin cewa shi bai taɓa sumbatar ko ɗaya daga cikin 'ya'yansa ba sai aka nuna masa cewa rashin tausayi ne. Wani abin mamaki ma, Larabawa sunan babban ɗa suke ɗauka su kira uba da shi don girmamawa, kamar yadda ake kiran Annabi Abul Ƙasim, kuma sunan wannan al'ada a harshensu alkunya, kalmar nan da mu muke faɗa idan za mu ɓoye suna. Al'ada in ba ta saɓa wa nassi ba fuƙaha'u sun ba ta gurbi, muddin tana jawo maslaha. To, ina maslahar yaron da ke ɗaki da mutum biyu kaɗai, dukansu suna jin kunyarsa?

Ban zo in ce a rushe kunya ba, ni kaina da ita zan mutu, har yau bakina ba ya iya furta sunan babbar 'yata. Roƙona ga samari masu iyali shi ne, lokacin nan tsakanin Magariba da Lisha da kuke ƙararwa a majalisa da teburin mai shayi, ku rage shi ku ba 'ya'yanku, ranar Juma'a kuma in kun sauko daga masallaci ku biya da su cikin birni su ga kakanninsu, a kira su maigida, a yi musu gorin cefane. Amma babban roƙona ga dattawa ne, iyayena maza da mata da ke zaune a nan, domin saurayin nan ba zai ɗauki ɗansa ba muddin yana tsoron ku ce ya yi rashin kunya. Ku kuka ɗaura masa wannan ɗauri, ku ne kuma za ku kwance. In kun je gidansa kuka tarar da jikanku yana kuka a ƙasa, kada ku yaba masa da kawaici; ku dube shi ku ce, "Wane, ɗauki ɗanka, mun yafe maka."