Rigar Kariyar Gwamna: Inda Ta Rufe Da Inda Ta Bari

 

Ni ba lauya ba ne, kun san ni, mai sayar da wake ne da albasa, karatuna na Islamiyya ne. Abin da ya sa na shiga bin wannan magana shi ne, a wata jiha da na taɓa zama, an wayi gari katafila ta rushe mana rumfuna. Muka taru za mu kai ƙara, sai wani dattijo ya ce, "Ku rufa wa kanku asiri, gwamna yana da rigar kariya." Muka watse, kowa ya rungumi asararsa. Daga baya na gane jahilcinmu ne ya ci mu, ba doka ba.

To, mece ce rigar kariyar nan? Tana sashe na 308 na kundin tsarin mulkin 1999. Mutum huɗu kawai ta rufe: shugaban ƙasa, mataimakinsa, gwamna da mataimakinsa. Muddin suna kan kujera, ba a kama su, ba a tsare su, ba a gurfanar da su gaban kotu a kan kansu. Kwamishina ba shi da ita, ciyaman ba shi da ita, sanata ma ba shi da ita. Hikimar ita ce kada masu hamayya su riƙa jan gwamna kotu kullum har aikin jama'a ya tsaya.

Amma jama'a, rigar nan ba ta kai ƙasa ba. Na ɗaya, mutumin ta kare, ba gwamnatin ba. Sashen da kansa ya ce ana iya kai ƙarar gwamna a matsayin ofishinsa. Ke nan da mun je kotu kan rumfunanmu, da gwamnatin jiha da antoni janar ɗinta za mu kai, kuma dole a saurare mu. Na biyu, a 2002, a shari'ar da marigayi Gani Fawehinmi ya kai, Kotun Ƙoli ta ce 'yan sanda na iya binciken gwamna yana kan mulki, gurfanarwa ce kawai za ta jira. Na uku, ranar da ya sauka, ranar rigar ta fita. Joshua Dariye na Filato da Jolly Nyame na Taraba an yanke musu shekara 14 kowannensu a 2018, aka rage musu a ɗaukaka ƙara, sannan aka yi musu afuwa a 2022. Na huɗu, rigar ba ta ƙetare iyaka. A 2005 'yan sandan Landan sun kama Diepreye Alamieyeseigha yana gwamnan Bayelsa.

Akwai kuma tsigewa, a sashe na 188. Kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisar jiha su sa hannu a takardar zargi, kashi biyu cikin uku su yarda a bincika, babban jojin jiha ya kafa kwamitin mutum 7, in laifi ya tabbata kashi biyu cikin uku su amince, shi ke nan gwamna ya sauka. Manyanmu sun tuna yadda aka tsige Balarabe Musa a Kaduna a 1981. Mu kuma nan Ibadan mun gani da idonmu a watan Janairun 2006, lokacin da 'yan majalisa 18 cikin 32 suka tsige Rashidi Ladoja. Sai dai 18 ba ta kai kashi biyu cikin uku ba, kuma wani zaman nasu a otal suka yi shi. A Disambar shekarar Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa tsigewar ba ta halatta ba, ya koma kujerarsa. Shi ne aka naɗa Olubadan a 2025. Darasi a nan, ko majalisa ba ta fi ƙarfin ƙa'ida ba.

Yanzu ga inda ya fi shafarmu, wato ƙasa. Dokar filaye ta 1978 ta ɗora duk ƙasar jiha a hannun gwamna, amana ce don jama'a. Shi ke ba da takardar mallakar fili, kuma yana iya soke ta in za a yi aikin amfanin kowa, kamar hanya ko asibiti. Amma sai an ba da sanarwa, kuma akwai diyya a kan ginin da mutum ya yi. Matsalarmu, da yawanmu mun sayi fili da baki, ko da 'yar takardar da aka rubuta a gindin bishiya. Ranar da katafila ta zo, me za ka nuna wa alƙali?

Kada kuma wani ya ce maka kai baƙo ne. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya damar zama duk inda ya so a ƙasar nan, na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini ko inda ya fito, na 43 ya ba shi damar mallakar gida ko fili a kowace jiha. Babu gwamnan da ikonsa ya hau kan waɗannan.

Shawarata uku ce. Kowa ya tattara takardun rumfarsa da gidansa da rasit na haraji, ya buga kwafi ya kawo ofishin ƙungiya a ajiye. Mu riƙa tara wani abu duk wata don ƙungiya ta riƙe lauya, domin a wurare da yawa ƙarar jami'in gwamnati tana da wa'adin wata 3 kacal, mai jinkiri ya yi asara. Sannan kowa ya yanki katin zaɓe a nan inda yake neman abinci, domin gwamnan nan shi ke riƙe da kasuwar da kake ciki, ba na garinku ba.

Mu zauna lafiya da masu masaukinmu, mu bi doka, amma mu san haƙƙinmu. In na yi kuskure a gafarce ni. Allah ya ba mu shugabanni masu adalci, ya maida kowa gida lafiya.