Amsoshin Takardunku: Yaro Ya Haddace "ABC" Amma Ba Ya Iya Karatu

 Takardar wannan mako ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu a Funtuwa ta Jihar Katsina. Ya ce ɗansa yana aji uku na firamare, yana rera "ABC" daga farko har ƙarshe babu gargada, amma in aka rubuta masa "tebur" sai ya yi tsuru-tsuru. Ya kuma ji ana maganar wata hanyar koyarwa wai ita foniks. Shin mece ce, kuma yaron nan daƙiƙi ne ko kuwa?

To Malam, ka kwantar da hankalinka. Yaron da ya haddace haruffa 26 a jere ba daƙiƙi ba ne. Abin da ya faru shi ne an koya masa sunayen haruffa, ba a koya masa sautinsu ba, alhali da sauti ake karatu. Ɗauki kalmar "ci". Yaron da ya san suna kawai zai dube ta ya ce "si, ai", to ina "si-ai" ina cin tuwo? Foniks ɗin da ka ji, ba wani abu ba ne illa a nuna wa yaro sautin da kowane harafi yake wakilta, sannan a koya masa haɗa sautukan su ba da kalma.

Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san sai an gama babbaƙu ake shiga farfaru, wato a san baƙi tukuna, sannan a ɗora masa wasali. Haka nan waɗanda suka yi firamare zamanin littafin Ka Koyi Karatu, da "ba, be, bi, bo, bu" suka fara. Turawa ne suka daɗe suna gardama a kai, saboda rubutunsu ya rikice: haruffa 26 ne ke ɗauke da sautuka kusan 44. Wasu malamansu suka ce a bar yaro ya haddace siffar kalma dungurungum, ya riƙa cinkar sauran daga hoto. A shekarar 2000 wani kwamitin ƙasa a Amurka ya duba bincike-binciken da aka yi, ya ce koyar da sauti daki-daki ya fi amfani. Ingila ta bi sahu bayan rahoton Jim Rose na 2006, kuma a 2012 ta fara gwada yara 'yan kimanin shekara 6 da kalmomi 40, rabinsu ma ƙagaggu ne marasa ma'ana, don a gane mai karatu da mai hadda.

Mu kuwa Allah ya hutar da mu. Wasulanmu biyar ne, kuma kusan kowane baƙi sautinsa ɗaya, ba ya sauyawa. Gaɓar Hausa ba ta da wuya, baƙi ne da wasali kamar "ka", wani lokaci a rufe da wani baƙin kamar "kan". Yaron da ya san a, k, m, n da i, a ranar zai karanta "kai", "nama", "mana", "makami". Saboda haka kada ka jira sai ya gama haruffa duka. Ku ɗauki biyu ko uku, ku yi ta juya su, gobe a ƙara ɗaya.

Amma akwai wuraren da yara ke tuntuɓe, kuma nan ne malamai da yawa ke wucewa da sauri. Na farko baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ, ɗ da ƙ, waɗanda waƙar "ABC" ba ta san da zamansu ba. In ba a tsaya a kansu ba, yaro ba zai raba "kafa" da "ƙafa" ba, ko "bari" da "ɓari". Sai tagwaye irin su sh, ts, ky da gw, haruffa biyu sauti ɗaya. A koya masa su a matsayin abu guda. Wanda ya fi duka wuya shi ne rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. "Kuka" na hawaye, da "kuka" ta miya, da "kuka" na "kuka zo", duk rubutunsu ɗaya. A nan foniks ya kai iyakarsa, sai ma'anar jimla ta raba gardama. Shi ya sa ba a tsayawa kan gaɓoɓi kaɗai, dole a riƙa karanta wa yaro labari, a tambaye shi me ya ji.

Wani zai ce ai Turanci muke so ya iya. Gaskiya ne, amma karatu sau ɗaya ake koyonsa. Wanda ya gane yadda baƙi ke kama wasali cikin harshen da yake ji, da wannan dabarar zai shiga Turanci, ko Faransanci ga 'yan'uwanmu na Nijar. Abin da marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya gwada ke nan a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida, kuma Turancinsu bai gaza na takwarorinsu ba.

Yau da daddare, Malam, ka rubuta masa "ma", "ki", "nu" a takarda ko ma a ƙasa. In ya karanta, haɗawa ce ta rage masa, ku shiga kalmomi masu gaɓa biyu. In ya ce "em, e", to daga wasula biyar za ku faro, minti goma kullum ya isa. In kuma an yi wata biyu ana haka bai motsa ba, a kai shi asibiti a duba idonsa da kunnensa.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.