Tawayen Mdou Moctar: a baki yake ko a yatsu?



Makon jiya da na sa waƙar Mdou Moctar, wani dattijo ya bugo waya ya ce, "Ɗana, wannan ai hayaniyar Turawa ce." Baba, a gafarce ni, yau zan ɗan yi gardama.

Mdou Ba'abzine ne daga Nijar, kuma bahago ne. Gidansu ba a son kiɗa, sai ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar burkin keke. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da irin sautin waƙoƙin finafinan Hausa, waƙoƙin suka yi ta yawo daga salula zuwa salula. To ina Turancin yake a nan?

Mu a Wagadugu mun san waƙar bore. Mun ga Smockey da Sams'K Le Jah sun kafa Balai Citoyen a 2013, mun ga Blaise Compaoré ya bar mulki ran 31 ga Oktoba 2014. Su kai tsaye suke faɗa, kowa ya ji. Mdou kuwa yawancin waƙoƙinsa da Tamashek ne, da yawanmu ba mu jin ko kalma. Shi ya sa muke zaton ihu kawai yake.

Amma ku lura da wani abu. A kiɗan rok na Amurka da Ingila, sau da yawa ɗan tawaye cewa yake ni kaɗai ne, ku ƙyale ni in yi rayuwata. Baitocin Mdou ba haka suke ba. A Afrique Victime na 2021 kukan nahiya yake yi. A Funeral for Justice na 2024 ya yi wa Faransa tatas, sannan a waƙar Imouhar ya juyo kan 'yan'uwansa Abzinawa, yana roƙonsu kada su saki harshensu. Bakinsa na jama'a ne. In kuna neman inda ya fita daban, ku saurari yatsunsa, lokacin da jitar ta ƙwace ta bar sauran makaɗa a baya, kamar raƙumin da ya tsinke akala. A ganina, can yake cewa "ni".

Imouhar ce ta fi tsaya mini a rai, kuma kun san dalili. Tun da aikin ZACA ya rushe tsohuwar Zangouettin a 2003 aka warwatsa gidajenmu. Yau ka gaida yaro da Hausa, ya amsa maka da Faransanci ko yaren Mosi. Ni kaina, kakata tana yi mini dariya in na ce "donc" sau uku a magana ɗaya.

Baba, in kana kusa da rediyo, kada ka rage murya tukuna. Ga Imouhar nan, ka ba ta minti biyu, layinmu a buɗe yake.