Lambar Na'urata Iri Ɗaya Ce Da Ta Maƙwabcina, Ko Kuɗina Za Su Ɓata?

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani mai sayar da takin zamani a Unguwar Dosa, Kaduna. Ya ce ya sa rauta, wato na'urar raba intanet, a shagonsa. Sai ya ga lambarta 192.168.0.1, ta maƙwabcinsa ma haka. Yana tsoron kada kuɗin da yake turawa ta waya su faɗa hannun maƙwabcin.

To Malam, kwantar da hankalinka. Duk waya ko kwamfutar da ta hau intanet sai an ba ta adireshi, ana ce masa IP. Lambobi ne kashi huɗu, kowane daga 0 zuwa 255. A irin taka, 192.168.0 sunan unguwa ne, kashin ƙarshe kuwa lambar gida. Abin da ke shata wannan iyaka shi ne wata lamba, 255.255.255.0. Unguwa irin wannan gida 254 take ɗauka.

Ita rauta zaure ce mai ƙofa biyu. Lambar da ka gani ta ƙofar ciki ce, wayoyin shagonka kaɗai suka san da ita. Ƙofar waje kuwa kamfanin layinka ne ya ba ta tata lambar daban. In saƙonka zai fita, rauta ta manna masa lambar waje, ta riƙe wace waya ce ta aiko shi. Amsa ta dawo, ta miƙa wa mai ita. Ai akwai Titin Ahmadu Bello a Kaduna, akwai shi a Kano, amma wasiƙa ba ta ɓata don an rubuta sunan gari.

Me ya sa ake maimaita lambobin? Tsarin da aka kafa a 1981 adireshi wajen biliyan 4.3 kawai yake da su. Shi ya sa aka keɓe wasu, irin masu farawa da 192.168, don cikin gida, kowa ya yi amfani da su. Babban rumbun rabon ma ya ƙare a Fabrairun 2011.

Kuɗi kuwa lambar asusun banki suke bi, ita za ka riƙa dubawa sau biyu. Sannan ka sauya kalmar sirrin da rauta ta zo da ita, kada kowane mai wucewa ya shigo maka zaure.

Da fatan ka gamsu. Allah ya ba da kasuwa. A huta lafiya.