Kalma Ɗaya, Ɓari Biyu: Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Kama Ma'ana



Idan Bahaushe ya ji kalmar "ciki", tana iya zama tumbi, ko juna biyu, ko cikin ɗaki. Amma da zarar an ce "amaryar tana da ciki wata shida", ba wanda zai tsaya lalube. Kafin ƙiftawar ido ƙwaƙwalwa ta ɗauki ma'ana ɗaya ta ajiye sauran. Yadda ɓarin hagu da ɓarin dama na ƙwaƙwalwa suke raba wannan aiki shi ne batun laccar yau.

Labarin ya faro ne a Faransa a 1861. Likita Paul Broca ya duba wani majinyaci mai suna Leborgne, wanda kusan ba abin da yake iya furtawa sai "tan", ko da yake yana gane yawancin abin da ake faɗa masa. Da ya rasu aka buɗe ƙwaƙwalwarsa, sai ga rauni a gaban ɓarin hagu. A 1874 Bajamushe Carl Wernicke ya bayyana wasu majinyata da magana ke zuba daga bakinsu ba gargada, amma ba ta da kan gado, su ma ba sa fahimtar ta wasu. Nasu raunin ma a hagu yake, can wajen bayan kunne. Daga nan aka naɗa wa ɓarin hagu rawanin harshe, na dama kuwa aka ɗauke shi bebe har kusan shekara ɗari.

Masu farfaɗiya ne suka sauya wannan tunani. A 1962, a Los Angeles, likitoci Joseph Bogen da Philip Vogel suka fara yanke gadar jijiyoyin da ta haɗa ɓarin biyu, mai zare kimanin miliyan 200, domin rage wa majinyata faɗuwa. Roger Sperry da ɗalibinsa Michael Gazzaniga suka gwada waɗannan mutane. Majinyaci zai zauna ya kafa ido a kan ɗigo a tsakiyar allo. Sai a haska kalmar "cokali" a gefen hagu na ɗan lokaci, don ta faɗa ɓarin dama kaɗai. A tambaye shi me ya gani, ya ce bai ga komai ba. Amma hannunsa na hagu, yana lalube a bayan shamaki cikin tarin kaya, cokalin zai ɗauko. Ashe ɓarin dama ya karanta, ya kuma gane, bakin faɗa ne ba shi da shi. Wannan aiki ya kai Sperry ga lambar Nobel a 1981.

To, idan duka biyun suna gane kalma, ina bambancin? A 1988 Curt Burgess da Greg Simpson suka yi gwaji da kalmomin Turanci masu harshen damo, irin "bank", wadda ke nufin banki, take kuma nufin gaɓar kogi. Suka tarar ɓarin hagu yana tayar da ma'anonin duka a tashin farko, amma kafin daƙiƙa ɗaya ta cika ya riƙe wadda aka fi sabawa da ita ya saki ɗayar. Ɓarin dama ba ya wannan gaggawar, yana barin ma'ana ta nesa a raye. Mark Beeman ya ƙara gini a kan haka a 1994: kalmomi uku, ƙafa da kuka da gilashi, kowacce dangantakarta da "yanka" siririya ce, amma ɓarin dama ya fi amfana da haɗuwarsu. Hagu da ƙugiya yake kamun kifi, dama kuwa koma yake jefawa.

Amfanin komar yana fitowa a inda magana ta lanƙwasa. A 1977 Ellen Winner da Howard Gardner suka karanta wa majinyata jimlar da ke maganar "zuciya mai nauyi", suka ce su zaɓi hoton da ya dace. Masu rauni a dama sun yawaita nuna mutumin da ke ɗauke da ƙatuwar zuciya kamar kaya, suka bar hoton mai kuka. Mai dogon hannu, mai farin jini, habaicin kishiya, duk a irin wannan lanƙwasa suke zaune.

Sai dai kada a zarce a ce wani ɗan hagu ne mai lissafi, wani ɗan dama ne mai fasaha. Wannan zance ba shi da tushe. A 2016 Alexander Huth da Jack Gallant, a Berkeley, suka sa mutum 7 sauraron labarai fiye da awa biyu cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Taswirar ma'anar da suka samu ta bazu a ɓari biyun kusan daidai.

Abin da ya fi taɓa zuciya yana gidajenmu. Dattijo ya samu shanyewar ɓarin jiki, hannu da ƙafar hagu sun mutu, wato raunin yana dama. Iyali suna hamdala cewa bakinsa bai taɓu ba. Bayan watanni sai a lura jika ya tsokane shi bai dara ba, an yi masa hannunka mai sanda bai gane ba, a fara cewa halinsa ya canza. Sau da yawa ciwon ne, kuma ya kamata likita ya ji wannan labari kamar yadda yake jin na hannu da ƙafa. A gida kuwa a rage masa kewaye-kewaye. Maimakon "Baba, rana fa ta yi", a ce masa, "Baba, ƙarfe biyu ta yi, ga maganinka, ga ruwa."